Hannun Rigar Malam Ashafa

Duk wanda ya san lungunan gindin Dala ya san 'Yardada, ko da bai san sunanta na yanka ba, don ita kanta sai an zo cike takarda take tunawa da shi. Doguwa ce siririya, mai saurin tafiya kamar an aike ta, kuma tana da wata ɗabi'a da ke ba baƙo mamaki. In kuna tafe tare ba ta iya yin shiru. "Kwata a gabanka. Akuya a hagu. Matakala biyu, ta biyun ta fashe." Ko kana gani tangaran sai ta faɗa maka. Wanda bai san ta ba zai ɗauka raini ne, alhali sabo ne da ya shiga jikinta tun tana shekara bakwai.

Mahaifinta, Malam Sabo, makaho ne tun haihuwa, sana'arsa tufka igiya. 'Ya'ya uku ya haifa, duk mata, kuma 'Yardada, wadda ita ce autarsu, ita ta gaji riƙe masa sanda. Kafin ta tafi makaranta takan kai shi kasuwar Kurmi da igiyoyinsa a kafaɗa, in an tashi ta biya ta ɗauko shi. A wannan zirga-zirgar ta koyi aikin da har yau take ci da shi, kuma ta koye shi ne ta hanyar kuskure.

Mu masu ido muna da wata ƙarya da muka laƙaba wa suna kirki. Makaho ya tambaye ka yadda rigarsa take, sai ka ce lafiya lau. Ya tambaye ka ko mutumin da ya wuce ya ɗaure fuska, sai ka ce haba, murmushi ma yake. Muna yi muna jin mun yi aikin lada. Wata Juma'a Malam Sabo zai je ɗaurin aure, ya sa farar rigarsa ya tambayi 'yarsa. Manja ya ɗiga a ƙirjin rigar, tabo kamar tafin hannu, amma ba shi da wata, ga shi lokaci ya ƙure. Ta ce, "Fes take, Baba." A wurin ɗaurin auren wani yaro marar linzami ya tambaye shi ko miya ya sha da riga.

Bai dake ta ba, bai ma ɗaga murya ba. Da suka dawo ya zaunar da ita a zaure ya ce, "'Yardada, jin haushi aikin zuciyata ne, ki bar mata kayanta. Ke naki ki faɗa mini abin da ke gabana. In kika fara zaɓar mini abin da zan sani, to ba ni da ido ke nan har sau biyu." Ta yi kuka ranar kamar ranta zai fita, kuma daga ranar ba ta sake ba.

Bayan rasuwarsa makafin unguwa ba su daina zuwa gidan ba. Wannan ya kawo takardar asibiti, waccan ta kawo atamfar da aka sayo mata ta ji ko launin da ta ce ne aka kawo, wani ya kawo kwalbar magani a duba masa ko ya lalace. Akwai masu karatu birjik a unguwar, amma wurinta suke tsallakowa, saboda sun san abin da ta gani shi za ta faɗa, da daɗi ko ba daɗi. 'Yardada ba ta da fili, ba ta da gwal. Wannan yardar ita ce abin da ta mallaka a duniya, kuma ta san haka.

Ta yi aure tana da shekara goma sha tara, ga wani mai gyaran keken ɗinki, mutumin kirki marar hayaniya. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu da takardar sakandare da ta daɗe a ƙasan akwati. A nan Malam Nata'ala ya shigo rayuwarta. Tsohon mai fassara ne a gidan rediyo, da ya yi ritaya ya buɗe shagon buga takardu a kusa da Ƙofar Nassarawa. Aminin mijinta ne. Da ta gama takaba ya aika aka kira ta, ya zaunar da ita gaban tsohuwar tafireta, ya haƙura da ita wata uku tana ɓata masa takarda. Daga tafireta ta koma kwamfuta. Shekara goma sha biyu suna tare, Baba take kiransa, kuma duk auren da aka yi a gidanta shi ya tsaya a matsayin uba.

Ana nan sai wata ƙungiya ta zo wa Malam Nata'ala da aiki. Akwai wasu ƙa'idoji da masana na duniya suka tsara da Turanci, kan yadda za a gina shafin intanet da kowa zai iya amfani da shi: makaho, da kurma, da wanda hannunsa ke rawa, da tsohon da ido ya fara yi wa gardama. An juya su zuwa harsuna da dama, ana so a juya su zuwa Hausa, don matasanmu masu gina shafuka su daina cewa ba su gane ba. Malam Nata'ala ya tara kwamiti, malaman jami'a biyu, da matasa masu harkar kwamfuta, da wasu daga cikin makafi da kurame. 'Yardada ba ta cikin kwamiti. Ita mai bugawa ce, wurinta can kusurwar zauren Malam a Goron Dutse, inda ake zama duk Asabar da hantsi.

Babba a cikin makafin shi ne Malam Ashafa, malamin makaranta, dattijo mai son raha da son tsafta. Ƙyanda ce ta ɗauke masa gani yana shekara shida. Yana da waya mai karanta masa duk abin da ke rubuce a fuskarta, ya kuma ƙure mata sauri har ba mai gane abin da take cewa sai shi. Aikinsa a kwamitin ba wuya a faɗa, amma ya sa manyan malamai gumi. In an fassara jimla sai a karanta masa sau ɗaya. In ya iya maimaita ma'anarta da bakinsa, ta wuce. In ya ce, "Ban kama ba," to ko farfesa ne ya gina ta sai an rushe.

Ranar da aka zo babin hotuna abin ya tsaya cak. Wayar makaho ba ta ganin hoto. In ta iso kansa sai ta ce "hoto" ta wuce abinta. Saboda haka ƙa'idar ta ce duk hoton da ke ɗauke da wani bayani, a rubuta masa siffarsa a ɓoye, yadda waya za ta karanta, makaho ya samu abin da mai ido ya samu. Misalan da ke cikin Turancin na wata duniya ne, sai aka ce a kawo namu. Aka haska hoton wata kasuwa a bango. Ɗaya daga cikin malaman jami'ar ya gyara tabarau ya ce a rubuta, "Hoton kasuwa mai cike da hada-hada."

Daga kusurwa aka ji wata murya ƙasa-ƙasa. "Wace kasuwar? Layin 'yan tukwane ne. Mai rumfar ya yi barci a kan tabarma, wata mata tana ƙwanƙwasa tukunya ta ji ko ta tsage."

'Yardada ba ta yi niyyar a ji ba, bakinta ne ya riga ta. Malam Ashafa ya kwashe da dariya har da buga sanda a ƙasa. "Wannan muryar 'yar Malam Sabo ce! Yanzu na shiga kasuwa. Malam Nata'ala, don Allah ku ba ta wannan babin, ku ku riƙe manyan kalmominku."

Haka aka yi. Duk misalin siffanta hoto da ke cikin fassarar nan, arba'in da wani abu, 'Yardada ce ta rubuta. Matar da ba ta taɓa taka ƙofar jami'a ba, sai ga farfesa yana juyowa yana cewa, "Malama, ya kika gani?" Wata takwas aka yi ana wannan zama. Ranar da aka sa sunanta a jerin masu fassara, ta buga shi da hannunta, ta goge, ta sake bugawa, don kawai ta ƙara ganin yana fitowa.

Sai bikin ƙaddamarwa. Malam Ashafa ya ɗinka sabuwar shadda shuɗiya musamman don ranar, da aiki a wuya da bakin hannu. An yi jawabai, an yi tafi, aka zo ɗaukar hoto. To, kowa ya san yadda hoton taro yake a garin nan. Mutumin da ya zo ana addu'ar rufewa, wanda ko sunan littafin bai sani ba, shi ne zai fara isa tsakiya ya baza babbar riga. Masu aikin a hankali ake matsa su, ana "ɗan gyara, Malam, ɗan gyara," har su kai gefe. Malam Ashafa ya tsaya inda aka tsayar da shi, ya ɗaga kai, ya yi murmushinsa.

Ƙungiyar ta zaɓi hoton da za a sa a shafin farko na fassarar, wanda a cikinsa ne kaɗai idon babban baƙo yake buɗe. Mai tsara shafin ya datse gefe da gefe don hoton ya shiga gurbinsa. Ranar Litinin da safe hoton ya iso shago, Malam Nata'ala ya ce, "'Yardada, rubuta masa siffa, jibi za a ɗora."

Ta buɗe hoton. Mutum goma sha ɗaya a jere, ba makaho ko ɗaya. A can ƙarshen dama, inda aka datse, akwai hannun riga shuɗi da yatsu huɗu riƙe da farar sanda. Iyakar abin da ya rage na Malam Ashafa ke nan.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, hoton ya riga ya zaga wayoyin 'yan kwamiti, kuma Malam Ashafa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar yadda ya fito. Kowa ya ce masa, "Ai ka fito fes, Malam, shaddar nan ta haska hoton." Ya gaya wa 'ya'yansa, ya gaya wa ɗalibansa, ya gaya wa tela.

"Baba, ka ga hoton nan kuwa?"

Malam Nata'ala bai ɗago daga jaridarsa ba. "Na gani. Na yi musu magana, sun ce shi suka zaɓa, babban baƙo kuma ya koma Abuja. Ki rubuta, 'Yan kwamiti da manyan baƙi ranar ƙaddamarwa. Ai ba ƙarya ba ne."

"Ba ƙarya ba ne, Baba. Amma mai ido in ya duba zai san Malam Ashafa ba ya ciki. Shi kaɗai ne ba zai sani ba."

"To ina amfanin ya sani? Ki karya wa dattijo zuciya, ki kunyata ni a gaban mutanen da suka ba ni amana, don me? Ke fa yarinya ce mai hankali."

Shekararta arba'in da shida, amma a wurinsa yarinya ce, kuma ba ta taɓa yi masa musu ba. Kwana biyu ta yi tana juya abin. Ta san gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, don ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba, tausayi ne da kunya, irin na kowa. Ta kuma san hannun da ya ɗaga ta lokacin da ba ta da kowa. Amma duk makahon da ke Dala ya san ita ke rubuta siffar hotunan nan. In waya ta karanta wa Malam Ashafa wannan jimla mai santsi, da muryar waya zai ji ta, amma da sunan 'Yardada zai yarda da ita. Kuma a shafin farko na littafin da ya hana yin haka.

Ranar Laraba da safe ta durƙusa a gaban teburinsa. "Baba, ka yafe mini. Ko dai in rubuta abin da ke ciki, ko ka ba wani ya rubuta. Amma in Malam Ashafa ya tambaye ni, zan faɗa masa."

Ya daɗe yana kallonta. "Yi abin da kika ga dama," ya ce, ya ɗauki hularsa ya fita. Tun da take da shi bai taɓa fita bai ce mata sai ya dawo ba.

Ta zauna ta rubuta. Ta jera sunayen mutum goma sha ɗayan da yadda kowa ya tsaya. Ta rufe da cewa, "A ƙarshen dama ana ganin hannun shuɗiyar riga da yatsu riƙe da farar sanda. Na Malam Ashafa ne, wanda ya tace fassarar nan da kunnensa. Sauran jikinsa bai fito ba." Ta tura wa mai ɗorawa, da niyyar in an yi la'asar ta je ta gaya wa Malam Ashafa da bakinta kafin ya ji a waya. Ba ta san yaron zai ɗora kafin azahar ba.

Da adaidaita sahu ya sauke ta a bakin layin su Malam Ashafa, ta hango taro a dakalin ƙofar gidan. Malam Ashafa na zaune a tsakiya cikin shuɗiyar shaddar nan, maƙwabta biyar ko shida kewaye da shi, ya rage wa wayarsa sauri don kowa ya ji. Ta ɗaga ƙafa, amma tana isowa waya na karanta jimlar ƙarshe.

Wani ya yi gyaran murya ya ce ya tuna an aike shi. Wani ya bi bayansa. Waɗanda ɗazu suke taya shi murna suka zame ɗaya-ɗaya, ba mai kallon ɗan'uwansa.

Ta yi sallama ta durƙusa. "Malam, ni ce. Ni na rubuta."

"Na sani. Wa zai rubuta in ba ke ba?"

Fuskarsa ta nuna ya ji ciwo, bai kuma ɓoye ba. Ya shafa gaban rigar a hankali. 'Yardada ta ji da ma ƙasa ta tsage. Can ya nisa ya ce, "Aikin bakin hannun ya fito kuwa?"

"Ya fito, Malam. Raɗau."

"To alhamdulillahi, tela dai ya shiga intanet."

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Daga baya abubuwa sun daidaita. Masu ido da suka karanta siffar sun yi ta magana har ƙungiyar ta ji kunya. Malam Nata'ala ya yi mako guda yana amsa gaisuwarta a taƙaice, sannan wata Asabar ya kira mai hoto zaurensa, ya zaunar da makafi da kurame a gaba, shi da farfesoshin suka tsaya a baya. Ya kuma sa aka bar tsohon hoton da siffarsa a cikin babin hotuna, a matsayin misali, ya ce duk mai gina shafi ya gani ya koya. Bai taɓa cewa ta yi daidai ba, dattijo ne. Sai dai in baƙo ya shigo shago yakan nuna ta ya ce, "Waccan 'yata ce, tare muka yi fassarar." Amma duk wannan daga baya ne.

A ranar, a kan dakalin, Malam Ashafa ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da wani abu naɗe a leda. Ya warware a hankali. Hoto ne ƙarami, gefensa ya lanƙwashe, launinsa ya fara komawa ja.

"Ni da marigayiya ne, uwar yaran nan, satin bikinmu. Shekara talatin da ɗaya muka yi, yau shekara huɗu ba ta. Duk wanda na nuna wa sai ya ce, Allah ya jiƙanta, kyakkyawa ce. Na gode musu. Amma ban taɓa sanin me ke cikinsa ba. Tsoron tambaya ma nake, kada a yi mini kirki." Ya miƙo mata. "Ke faɗa mini."

Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi wajen haske.

"A ɗakin mai hoto ne, bayanku labule mai zanen furanni. Kai kana tsaye, ka ƙame kamar soja, rigar ta yi maka yawa a kafaɗa. Ita tana zaune a kujera. Gajeriya ce, baƙa, mai kumatu, gyalenta ya zame ta gefe ɗaya." Ta tsaya ta ƙara dubawa. "Ba ta kallon mai hoto, Malam. Kai take kallo. Hularka ta karkace, ta cije leɓe tana danne dariya, ta ɗago hannu za ta gyara maka, sai aka ɗauka."

Malam Ashafa bai motsa ba. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa, bai share ba.

"Ita ce kullum take gyara mini," ya ce. "Tun da ta tafi ban san yadda nake fita ba."

'Yardada ta ɗaga kai ta dubi hular da ke kansa.

"Ta karkace hagu, Malam."

Ya sa hannu ya gyara.